Choose, select, pick da 'yan uwansu: tambayoyin da ɗalibai ke yawan yi da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da Turanci nan Gusau, da safe makaranta, da marece kuma lesin na masu shirin WAEC da NECO da JAMB. Cikin kalmomin da ake yawan tsare ni da tambaya a kansu babu kamar choose da danginta, wasu cikin aji, wasu ta WhatsApp, wasu ma iyayen yara ne da ke son su gane saƙon da aka turo musu a waya. Shi ya sa na tattara tambayoyin wuri guda na amsa su yadda nake amsawa baki da baki.

Malam, mi ake nufi da choose?

Zaɓa ke nan. Abu biyu ko fiye suna gabanka, kana da dama, ka ɗauki wanda ranka ya kwanta da shi ka bar saura. In abu guda ne tak kuma dole ce aka yi maka to ba a kiran wannan choose. Mai shago ya baje maki atamfa kala biyar ya ce choose one, wato zaɓi guda. I will choose the blue one, zan zaɓi shuɗiyar.

Akwai ma'ana ta biyu da yara ba su cika lura da ita ba, kuma ita ta fi fitowa a jarabawa. In aka ce choose to sannan aikatau ya biyo baya, ana nufin mutum ya ga dama ne, shi ya yanke wa kansa. She chose to stay in Gusau, ita ta ga damar zama Gusau ba wanda ya tilasta ta. He chose not to answer, ya ƙi amsawa da gangan, ba wai bai ji tambayar ba ko bai san amsa ba, a'a ya sani sarai ya dai ga ya yi shiru. Kalmar tsohuwa ce ƙwarai, tana cikin Turanci sama da shekara 1000, a tsohon Turanci ceosan ake rubuta ta, shi ya sa ma take da wannan sauye-sauyen da za mu gani ƙasa, tsofaffin aikatau na Turanci da yawa haka suke.

To choose da chose da chosen fa? Wallahi rikita ni sukai

Ba kai kaɗai ba ɗana, nan ne mafi yawan maki ke zubewa. Kalma guda ce lokaci ne ya bambanta.

Choose mai o biyu ta yanzu ce da ta gaba da abin da aka saba yi kullum. I choose my friends carefully. I will choose tomorrow.

Chose mai o guda ta abin da ya wuce ce. I chose Biology last year, bara na zaɓi Bayoloji.

Chosen ba ta tafiya ita kaɗai, sai da have ko has ko had, ko kuma is, was, were, been a gabanta. I have chosen, na riga na zaɓa. He was chosen, an zaɓe shi.

Kurakuran da nake gani a takardun yara kusan kullum guda uku ne. Wani ya rubuta I have chose, ba daidai ba ne, have chosen take so. Wani ya rubuta yesterday I choose, tunda ka ce jiya ai sai chose. Na ukun shi ya fi kama har manya masu digiri, wato did you chose. Ka riƙe wannan da kyau, da zarar did ta shigo jimla ita ta ɗauke nauyin lokacin da ya wuce, aikatau sai ya koma asalinsa, don haka did you choose ne, I did not choose ne. Haka ma bayan to da will da can da must da should, dut choose mai o biyu ce ke biyo su. In ka je intabiyu aka ce maka why did you choose this course, kai kuma amsarka I chose it because ce, su sun yi da did, kai babu did a taka, ka ga dalilin bambancin.

Choosing kuma o biyu ce, ana jefar da e ta ƙarshe a saka ing. Chosing babu ita.

Ana cewa choosed?

A'a. Ko kusa. Na san dalilin da ya sa ake yi, an koya maku a firamare cewa a ƙara ed, play played, wash washed, to wagga ba ta cikinsu. Layin su speak spoke spoken da freeze froze frozen da break broke broken take.

Yaya ake furta su?

Mu Hausawa mun ma yi sa'a don ch ɗin nan c ɗinmu ce ta ci da ciki da cokali. Choose ka ce cuuz, ka ja u ɗin, ƙarshenta z ce ba s ba duk da s aka rubuta. Chose kuma couz, kamar yadda kake cewa nose ko rose. Chosen couzin. Choice ita ce mai s ta gaskiya a ƙarshe, cois. Abin da nake roƙon ɗalibai shi ne kar a mayar da c ɗin ta koma sh, don in ka ce shuuz Bature takalma zai ji, shoes. Masu yin Oral English na WAEC ku lura, irin wannan bambanci na s da z a ƙarshen kalma suna son tambayarsa.

Malam choice ita ma aikatau ce? Na ji ana cewa choice one

Suna ce ba aikatau ba, ma'anarta zaɓi. Ba a cewa choice one, ba a cewa I will choice, sai dai make a choice ko kuma kai tsaye choose. It is your choice, zaɓi naka ne, ya rage gare ka. I have no choice, ba ni da yadda zan yi. In za ka ƙara bayani sai ka ce I had no choice but to sell the ram, ba yadda na iya dole na sayar da ragon, ka lura da but to ɗin nan don suna cire ta su bar gurbi a jarabawa.

Wanda ya cika fom ɗin JAMB ya san first choice da second choice, wato makarantar da ka fi so da mai bi mata, misali ka sa Jami'ar Tarayya ta Gusau a farko, ka sa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda ko kwalejin ilimi ta Maru a sauran gurabe. Kusa da choice akwai option da alternative. Option su ne abubuwan da aka jera maka, kamar A, B, C, D na jarabawa, wanda ka ɗauka cikinsu shi ne choice ɗinka. Alternative kuma wata hanya ce daban in ta farko ta ƙi.

Mi ya raba choose da select? Ƙamus ɗina ya ce duk ɗaya ne

Ƙamus bai yi ƙarya ba amma bai gama faɗa maki ba ƙanwata. A wurare da yawa za ki cire wannan ki sa waccan ba abin da ya lalace, choose a colour, select a colour, duka daidai. Bambancin yana wajen yadda aka yi zaɓen da kuma inda ake maganar.

Choose ta kowa ce, ta gida da kasuwa da ofis, kuma son rai yana iya shiga ciki, kin zaɓa don kawai ya yi maki. Select tana ɗauke da tantancewa, an duba an auna da wani ma'auni sannan aka fitar da wanda ya cancanta daga cikin masu yawa. Ki dubi dattijon da ya shiga kara sayen ragon layya, ba wanda ya fara gani yake kamawa ba, zai buɗe bakinsa ya duba haƙora don ya san shekarunsa, ya duba ido, ya shafa bayansa ya ji nama, ya sa a ja shi ya yi tafiya don ya ga ko yana ɗingishi, ya duba kunne da ƙaho, ya bar wannan ya koma wancan har sai ya samu wanda ba shi da aibi. Wannan aikin shi Bature zai fi kira select. Yaron da ya biyo shi kuma ya nuna wani ya ce Baba wancan mai baƙin wuya nake so, shi choose ya yi.

Shi ya sa za ki ji ana cewa the coach selected eleven players, ko ten students were selected for the scholarship. Kalmar daga Latin ta fito, ta shigo Turanci a ƙarni na 16, kuma kalmomin da suka zo ta wannan hanya galibi sun fi zama a takardun hukuma da na makaranta.

Amma akwai inda select ba ta shiga sam. Ba a cewa I selected to stay at home, nan choose ce kawai ko decide. Ba a cika cewa select between right and wrong ba, choose ake cewa. Duk abin da ya shafi zuciya da rayuwar mutum, aure, sana'a, gaskiya da ƙarya, choose ta fi dacewa. In kina shakka ki sa choose, da wuya ta ba ki kunya.

Mi ya sa waya da na'urar ATM kullum select suke cewa?

Don can jeri ne aka ba ka, kai dai ka taɓa guda. Select language zaɓi harshe, select account type ana tambayar ka asusunka savings ne ko current, select network, select SIM in wayarka mai layi biyu ce. A kwamfuta da waya kalmar ta ƙara wata ma'ana, wato ka yi wa abu alama kafin ka yi masa wani aiki, kamar ka danne hoto ka riƙe har alama ta fito a kansa kafin ka tura ko ka goge. Select all yana nufin a yi wa duka alama. Iyayenmu da ke ba yara waya su gyara musu, da ku kanku masu sauri, a kula da wanga wuri, in ka taɓa select all sannan ka taɓa delete komai ya tafi, hotunan biki da lambobin mutane da rasit ɗin kuɗin da ka tura.

Pick fa, ita ma zaɓa ce?

Ita ma, sai dai ta fi su sauƙi da saurin yi, ta hira ce. Pick one, ɗauki guda, ba sai ka tsaya dogon tunani ba. Pick a number, faɗi wata lamba. Amma pick tana da wasu ayyukan da ba su da alaƙa da zaɓe, kuma ƙaramar kalmar da ta biyo ta ita ke juya ta. Pick ita kaɗai tana nufin tsinka, kamar tsinkar mangwaro ko tumatir ko cirar auduga a gona. Pick up ɗauka daga ƙasa, ko ka je ka ɗauko mutum da mota ko mashin, I will pick you up at the motor park, zan zo in ɗauke ka a tasha. Pick out ka tsamo guda daga cikin taro, ko ka tsince, kamar tsince tsakuwa daga shinkafa. Pick on kuma mugun abu ne, a sa wa mutum ido a riƙa tsangwamarsa.

Nan Najeriya mun saba da he is not picking my call, kowa zai gane ka, amma a takardar jarabawa ka rubuta he is not answering my call ko he did not pick up. Akwai kuma handpick, mutum ya zaɓo da kansa ɗaya bayan ɗaya, a labaran siyasa in an ce ɗan takara handpicked ne ana nufin wani babba ne ya ɗauko shi ya ɗora, abin da muke cewa ɗauki ɗora. Sai pick and choose, wato ka tsaya zaɓe-zaɓe sai wanda ka ga dama.

Malam a labarai ina jin elect, appoint, nominate, ni dut zaɓe nika fassara su

Nan Hausarmu ma ta raba su, mu ne dai muke haɗewa in mun zo Turanci. Elect zaɓe ne na ƙuri'a, jama'a suka fito suka jefa. Daga ita aka samu election, da electorate wato masu zaɓe, da electoral da ke cikin sunan hukumar zaɓe INEC wadda aka kafa a 1998. Gwamna da shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisa da ciyaman da kansila duka elected ne. Wanda ya ci zaɓe amma ba a rantsar da shi ba tukuna ana kiransa governor-elect ko president-elect, zaɓaɓɓen gwamna mai jiran gado, har zuwa ranar da ake rantsarwa, galibi 29 ga Mayu.

Appoint naɗi ne, mai iko ya ba ka muƙami ba tare da ƙuri'ar jama'a ba. Nominate kuma gabatar da suna ne, ba a kai ga naɗi ba. Ka ɗauki kwamishina, gwamna zai yi nominating ɗinsa ya aika sunansa majalisar dokoki ta jiha, majalisa ta tantance shi, wannan shi ne screening, in ta amince sannan a yi appointing a rantsar. Minista ma haka, sai dai shi majalisar dattawa ke tantance shi. Don haka in ka rubuta the commissioner was elected ka yi kuskure ko da nahawunka daidai ne. Haka jihar Zamfara da aka kafa a 1996, shugabanta na farko soja ne appointed, sai a 1999 aka samu elected governor na farko.

A sarauta kuma masu zaɓen sarki, da Turanci kingmakers, su ke selecting ko nominating, gwamna ya amince ya yi appointing. Kai kuma da ka je rumfa da katinka abin da ka yi shi ne vote, I voted for him, da for ɗinta, kai kaɗai ba ka electing ɗin kowa sai an haɗa ƙuri'u.

Wani abu da ke kayar da yara, elect to do something ba ta da ruwa da ƙuri'a, daidai take da choose to, Turancin manyan takardu ne kawai. Haka elective a jami'a, kwas ne da kake da damar ɗauka ko bari, saɓanin core ko compulsory da ya zama dole.

Opt fa? Ina ganinta a saƙon kamfanin waya

Opt ba ta tsayawa ita kaɗai, ba a cewa I opted Physics. Sai opt for in suna zai biyo, opt to in aikatau ne. He opted for Arts class. She opted to wait. Saƙon da kake gani na opt out yana nufin ka fita daga wani tsari da aka saka ka, opt in kuma ka shiga. In ka ga ana ta cire maka kati kan wata waƙar kira ko wasu saƙonni da ba ka san lokacin da ka nema ba, layin da ke cewa to opt out shi za ka karanta da kyau, nan aka faɗi lambar da za ka tura ka rabu da su. Option da optional daga gida ɗaya suke da ita, optional a fom yana nufin ba dole sai ka cike wurin ba.

Prefer tana cikin masu ma'ana ɗaya da choose?

Kusa dai. Prefer a zuciya take, fifiko ne, choose kuma aiki ne da aka aikata. Kana iya fin son karatun likita amma makinka ya sa ka ɗauki wani kwas, you preferred Medicine but you chose Microbiology. Abin kiyayewa, prefer da to take tafiya ba than ba, I prefer tuwo to rice. Choose kuma in za ka nuna ka fifita wani kan wani over za ka sa, he chose farming over trading.

Bayan choose, between ake sawa ko among ko from?

Between in abubuwan an ambace su ɗaya-ɗaya, galibi biyu, kuma and ce ke haɗa su ba or ba. Choose between Gusau and Kaura, ba Gusau or Kaura ba, wannan or ɗin tana yawan zamewa mutane don a Hausa ko muke cewa wani lokaci. From in daga cikin jeri ne ko tari, choose from the list, there are many to choose from. Among in taro ne da ba a ware kowa da sunansa ba. In muƙami ne sai as, they chose him as class captain.

An turo min saƙo an ce you have been selected, na samu aiki ke nan?

Yaya, ka tsaya tukuna. Ta fuskar ma'ana, you have been selected yana nufin an zaɓe ka. Amma ka karanta abin da ya biyo baya, selected for an interview daban, selected for the job daban. In kuma shortlisted aka ce, sunanka ya shiga cikin 'yan kaɗan da aka tace daga masu nema, za a kira ku jarabawa ko intabiyu ko tantance takardu, ba a ɗauke ka ba tukuna. Na ga mutane sun yi murna har an fara yi musu barka a unguwa kan shortlisted, daga baya abin ya zama ɓacin rai, shi ya sa nake nanata shi. Kalmomin da ke nuna aiki ya tabbata su ne offer of appointment ko appointment letter, a makaranta kuma offered admission.

Sannan wannan jimla ta congratulations you have been selected 'yan damfara sun fi kowa amfani da ita, kuma abin yana min ciwo don talakawa suke cuta, mutumin da ke neman na abinci. Tambayar farko da za ka yi wa kanka, na nemi wannan abin? In ba ka cike fom ɗin komai ba wa ya zaɓe ka, daga cikin su wa? In suka ce ka tura kuɗin fom ko kuɗin rajista zuwa asusun wani mutum, ko ka ba da lambar BVN ko lambobin katin ATM ko wata lamba da aka turo maka yanzu a waya, ka rufe kawai kar ka amsa. Tallafi na gaskiya da aikin gwamnati ba a neman PIN ɗinka.

Ga masu rubutu kuma, I selected da I was selected ba ɗaya ba ne, na farko kai ka zaɓa, na biyu kai aka zaɓa. Was ɗin nan guda in ta faɗi maganar ta juye.

A JAMB in an ce nearest in meaning, ya zan gane wacce zan ɗauka tunda duk kusan ɗaya ne?

Use of English dole ce ga kowa, tambaya 60, sauran darussa uku kai ke zaɓarsu daidai da kwas ɗin da kake nema, kuma tun 2015 duka a kwamfuta ake yi. Umurnin kansa da kalmarmu yake farawa, choose the option nearest in meaning ko opposite in meaning, to farko ka tabbata wanne aka ce, don yara da yawa sun san amsa amma gaggawa ta sa su ba da mai kama a inda aka nemi kishiya.

Na biyu, kar ka kalli kalmar ita kaɗai, jimlar za ka karanta. Ga misali irin wanda nake ba 'yan lesin. He elected to remain silent, an ja layi ƙarƙashin elected, an ba ka voted, chose, refused, pretended. Rabin aji voted suke rugawa don sun haddace elect ƙuri'a ce, alhali mutum guda ne ya ga damar yin shiru, amsar chose ce. Wani kuma, only a select group of traders met the governor. Nan select ba aikatau ba ce ma, siffa ce, tana nufin 'yan kaɗan na musamman da aka ware, don haka cikin large, elected, exclusive, angry, amsar exclusive ce. Dabarar ita ce ka cire kalmar ka saka kowace amsa a gurbinta ka karanta a zuci, ka duba ma'ana, ka duba lokaci, in kalmar da aka ja wa layi ta wuce ce amsar ma ta wuce za ta kasance.

Kishiyar choose fa?

Reject ita ce kan gaba, a ƙi abu a mayar da shi. Sai refuse, da decline wadda ƙi ce cikin ladabi kamar ƙin amsa gayyata, da turn down. Kishiyar optional kuma compulsory ko mandatory.

Wata ta ce min I am too selective, zagi ne?

Ba zagi ba ne kai tsaye. Selective mai tantancewa ne, wanda ba komai yake ɗauka ba, yana iya zama yabo. Choosy ta ɗan fi nauyi, mai zaɓe-zaɓe. Picky ita ce mai ɗan suka a ciki, mai tsirfa, wanda komai aka kawo sai ya samo masa aibi, yaron da ba ya cin wannan ba ya cin wancan ana ce masa picky eater. Ka duba fuskarta da muryarta lokacin da ta faɗa, su za su gaya maka wanne take nufi.

Mi ne ne Hobson's choice? Na gan shi a tsofaffin tambayoyi

Zaɓin da ba zaɓi ba, ka ɗauki wanda aka ba ka ko ka tafi hannu wofi. Thomas Hobson mutum ne da ya yi zamani a garin Kambirij na Ingila, ya rasu a 1631, yana ba da hayar dawaki. Don kar a riƙa gajiyar da dawakan da suka fi kyau, sai ya kafa doka cewa wanda ya zo haya dokin da ke kusa da ƙofa zai ɗauka, in bai so ya haƙura. In ya fito maka a jarabawa ka nemi amsar da ke cewa no real choice ko no alternative, kar ka ɗauki wadda ke cewa zaɓi mai wahala tsakanin abu biyu, wannan dilemma ce.

Malam a insha'i ko wasiƙar neman aiki wacce ta fi burge mai maki?

Wadda ta zauna daidai a wurinta. Akwai wani tunani da ke cikin ɗalibanmu cewa kalma in ta fi tsawo ko ta fi wuyar faɗi ta fi maki, sai yaro ya rubuta I nominated rice for dinner ko I elected my best friend, shi a ganinsa ya yi babban Turanci. Mai maki jan biro zai sa. Ni a wurina yaron da ya rubuta I chose da I have chosen daidai tun daga farkon takarda har ƙarshe ya fi wanda ya jero manyan kalmomi biyar ba ɗaya a mazauninta.

A wasiƙar hukuma ka guji pick, ka yi amfani da choose in kai ne mai zaɓen, select in ana maganar tantance mutane, misali I would be grateful if I am selected for the interview. A labari ko wasiƙa zuwa ga aboki pick ba laifi. In ka ga ka maimaita choose sau da yawa a sakin layi guda kana iya canzawa da decide on ko opt for ko go for, ita go for ta hira ce. Settle on yana nufin bayan dogon tunani ka tsaya kan guda, settle for kuma ka haƙura da wanda bai kai abin da ka so ba, kamar wanda ya je sayen sabon mashin kuɗinsa ba su kai ba ya dawo da na hannu, he settled for a used one.